Katunan Rebeka da Barinmu Hajj Yusuf

Kun taso kuna jin ana cewa takarda ce ta fitar da mu daga gidan kakanku na unguwar Hajj Yusuf, ƙetaren kogi daga Omdurman. Safiya ta ji maganar a bakin mata a gidan biki, Bashir ya ji ta a majalisar maza, kowa da irin gishirin da yake ƙara mata. Wasu sun ce na koma yi wa coci aiki, wasu sun ce na juya kan mahaifinku har ya zaɓi sana'ata ya bar uwarsa. Shi dai ya tafi kabari da nasa bayanin, don ba mutum ba ne mai son tona abin da ya wuce. Ni kuma ido ya fara ja da baya, hannu ya fara rawa, shi ya sa zan faɗa muku yadda aka yi tun ina iya riƙe alƙalami.

Gidan babban gida ne, ɗakuna sun zagaye tsakar gida, da darbejiya a tsakiya, da ƙaramar zawiya a bakin ƙofa inda mutanen layin suke salla. Lokacin da nake ba ku labari kakanku ya daɗe da rasuwa. Baffanku Usman, babban ɗansa, shi ne ya gaji limanci da karantarwa, kuma maganarsa ce magana a gidan. Mahaifinku, Adamu, shi ne ƙarami, yana sayar da takalma a kasuwar Suk al-Arabi, ya fita da sassafe ya dawo da ƙurar kasuwa a gira. Sai Inna, uwarsu, wadda ta karɓe ni ina yarinya ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Ɗakinmu bango ɗaya ya raba shi da nata.

A bayan katangarmu akwai wata mata 'yar Kudancin ƙasar nan, Kirista, sunanta Rebeka. Mijinta magini ne. Doguwa ce, mai ƙarancin magana, da Larabci muke hira da ita kamar yadda muke yi da kowa a unguwar. Wata safiya na shiga aron rariya, na tarar da ita zaune a ƙofar ɗakinta, ta jingina wani fallen gilashin taga a kan bulo yana fuskantar rana, ta manna farar takarda a jikinsa tana bi da wani ɗan tsinken ƙarfe. Na tsaya ina kallo har na manta da rariyar. Da ta gama ta juya takardar ta miƙo mini. Sai ga fure ya taso a jiki, fari a kan fari, babu tawada babu fenti, kana shafawa da yatsa kana jin tudunsa.

"Wannan kuma da me kika yi shi?" na tambaye ta.

"Da rana da haƙuri," in ji ta. "Zauna in nuna miki. Ai na ga lallen da kike zana wa amare. Hannunki ya riga ya san hanya."

Haka na koyi yin katin gaisuwa. Ita a wajen matan cocinsu ta koya. Kayan aikin ba su da yawa. Ana samo tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, a wanke shi, a yanke siffar fure ko ganye a jikinsa da reza. Shi ne muke kira kalib. A ɗora shi a kan gilashi, a rufe shi da takarda mai kauri, hasken rana ya ratso ta baya ya nuna miki inda yankan yake. Sai a goga kyandir a bayan takardar don tsinken ya yi sulɓi, a riƙa danna shi a hankali ana bin bakin yankan. Kan tsinken mulmulalle ne kamar ƙwayar dawa. In kika danna da ƙarfi takarda ta huje, in kika ji tausayinta zanen ya ƙi tasowa. Na ɓata takardu da yawa kafin hannuna ya gane tsakiyar. Bayan zanen ya taso sai a yi masa gado, wato shimfiɗa a ƙarƙashinsa, da takarda mai ado, a yanke ta daidai, a manna da ƙaro da muke jiƙawa a ɗan kofi.

Takarda mai ado kuwa, wata mukan samo a bayan shagunan buga takardu na Suk al-Arabi, ragowar yanka da ta naɗe kyauta, mahaifinku ya ɗauko mana a cikin kwalin takalma. Wata mu muke yin abarmu. Mu rina farar takarda da ruwan karkade, wato zoɓo, ta yi ja-ja, ko da shayi ta yi ruwan ƙasa, mu yanke kuɓewa a tsakiya mu tsoma bakin a launi mu bi takardar da shi, ya fitar da 'yan furanni reras. Ni na kawo zanen lalle cikin aikin, irin rassan nan da ake ja daga yatsa zuwa wuyan hannu, Rebeka ta yanka su a kalib. Masu shagunan littattafai suka fara nemanmu. Muna yin na Idi, na aure, na suna, na ɗaliban da suka gama jami'a. Na Kirsimeti ita take yi, amma gefe da furanni hannunmu duka yana ciki, kuma kowa a gidanmu ya sani. Baffanku da kansa yakan sa in yi wa yaran da suka sauke Alƙur'ani, ya rubuta musu addu'a a ciki da kyakkyawan rubutunsa.

Sai shekarar da Kudu ta ɓalle ta zo. Ku kuna ƙanana, amma Safiya za ta tuna filin nan na bayan tashar mota da ya cika da gadaje da ƙofofin ƙarfe da buhuna, mutane suna zaune a kan kayansu suna jiran manyan motoci. Rabin layinmu ya watse. A cikin wannan hali aka gano wa Rebeka ciwon nono. Aka yi mata aiki, likita ya ce sai ta ci gaba da karɓar magani watanni, kuma irin maganin babu shi a garinsu. Mijinta ya rasa aikinsa, sunansu ya fito a jerin masu tafiya, mai gidan da suke haya ya riga ya ba wa wasu ɗakin. Ta leƙo ta kan katanga da hantsi, ina shanya, ta faɗa mini duka a tsaye kamar mai ba da labarin wata.

"Shi da yaranmu za su tafi. Ni zan zauna a fili tare da masu jira, in riƙa zuwa asibiti daga can."

"Da wannan ɗinkin a ƙirjinki? A rana?"

"Akwai leda. Ana yin rumfa."

Na ce ta dakata. Da mahaifinku ya dawo na gaya masa, ya ce maganar ta fi ƙarfinsa, a kai wa Inna. Inna ba ta bari na ƙarasa ba, ta ce a share ɗan ɗakin ajiya da ke gefen namu a sa mata gado. Baffanku ya ja carbinsa, sannan ya ce baƙo raɓa ne, ta zauna 'yan makonni har a ga yadda za a yi.

Ina so ku fahimci Baffanku kafin in ci gaba, don ban rubuta wannan don ku tsane shi ba. A shekarar ana ta sabunta takardun zama ɗan ƙasa, kuma mu Hausawa in mun je ofis sai an sa mu kawo shaidar uba da kaka, alhali a nan aka binne cibiyarmu. Shi ya sha wannan wahalar a kan 'ya'yansa, ya yi ta zirga-zirga da tsofaffin takardun mahaifinsa a cikin leda. Yana tsoron a ce gidan Fallata, kamar yadda suke kiranmu, ya zama maɓoyar baƙin haure, a dawo ana tambayarmu mu ma daga ina muka fito. Ga mutanen zawiya suna masa gunaguni. Makonni suka zama watanni, Rebeka ba ta tafi ba, domin magani bai ƙare ba.

Maganin ya cinye ta. Gashinta ya zube, ta koma ɗaura ɗankwali irin namu, yatsunta suka mutu har ba ta jin tsinke a hannunta. Amma ba ta yarda ta kwanta haka kawai ba. Takan jawo kujera ƙarƙashin darbejiya ta zaɓa mini takardu, ta ce wannan jar ba ta shiga da waccan, ta gyara mini yanka. Inna takan sa a kawo mata kunu, su zauna suna hira, Larabcin Inna rabinsa Hausa ne, amma suna fahimtar juna. Da Kirsimeti ta gabato, ragowar mutanen cocinsu suka zo suna son katunan da za su aika wa danginsu da suka tafi. Ta karɓi aikin. Na ga ta ɗauki tsinken ya faɗi, ta sake ɗauka ya faɗi, sai na karɓa na zauna a gaban gilashin.

"Ki yi tauraro da ganye," ta ce. "Gicciyen ki bar mini. Ba ya buƙatar danni."

Haka aka yi. Na tayar da taurari da ganyaye da zanen gefe, ita kuma ta yanka siraran takarda mai ado biyu ta gitta su ta manna da ƙaro. Muka shimfiɗa su a tabarma a inuwa su bushe. Ana sallar la'asar iska ta taso, irin mai zuwa ba sallama, ta kwashe su. Muka bi muna tsincewa, amma wasu sun riga sun fice ta ƙofar gida sun zube a kan takalman masu salla. Mutane suka fito suka gani. Wani dattijo ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya miƙa wa liman, Baffanku.

Washegari da safe Baffanku ya tara mu a ƙarƙashin darbejiya, ya hana mahaifinku fita kasuwa. Inna tana kan gadonta na igiya da aka fito mata da shi. Rebeka tana ɗaki, kuma na san tana ji, ko da yake da Hausa aka yi maganar. Ya ajiye katin a kan tabarma a gabana.

"Hauwa, aikin wa ne wannan?"

"Namu ne, Yaya. Tauraron nawa ne, gicciyen nata."

"A gidan Malam mahaifinmu. A ƙofar zawiyarsa."

"Iska ce ta kai shi, Yaya. Ba mu yi da niyyar raini ba."

"Na sani. Amma ni zan tsaya a gaban mutanen nan sau biyar a rana, ba ke ba. Na ce makonni, an yi watanni, na yi shiru. Jiya wani ya tambaye ni ko baƙuwarmu tana da takardar zama. Kin san abin da wannan tambayar take jawowa? Ta nemi mutanenta kafin Juma'a. Cocinsu yana nan, su riƙe ta."

Na ce masa cocin ya cika da masu jiran mota, a ƙasa suke kwana, kuma mai irin ciwonta ko mura ta kama ta tana iya kai ta. Na ce shekarun da muka yi katanga ɗaya da ita, ita ce ta ɗauke ni a raksha, keken haya mai ƙafa uku, ta kai ni asibiti ranar haihuwar Bashir, maza duk ba sa gida. Ya ce bai musa ba, Allah ya saka mata, amma shi gida yake karewa. Ya juya wajen mahaifinku.

"Adamu, kai ba ka da baki ne? Matarka ce."

Mahaifinku ya daɗe yana kallon ƙasa. Kun san shi, ko ciniki yake yi sai mai saye ya gaji da jiran amsa.

"Yaya, ni na ɗauko gadonta na shigo da shi gidan nan da hannuna," ya ce. "Ba zan iya ɗaukarsa in kai fili ba."

"To ka kai shi inda kake da iko. Nan ba ka da shi."

Bai ce mu tashi ba, wannan ku riƙe shi. Amma kowa a wurin ya san abin da maganar take nufi. Aka watse. Na shiga ɗakin ajiya na tarar da Rebeka tana ƙulle kayanta a zani, tana fama da ƙullin da haƙori saboda yatsun sun ƙi. Ta ce ba za ta raba 'yan'uwa ba, ta ga abin da rabuwa take yi. Na kwance ƙullin na mayar da kayan inda suke, na ce ta kwanta tukuna. Da na fito Inna ta yafito mu ni da mahaifinku. Ya durƙusa a gefen gadonta.

"Usman ba mugu ba ne, tsoro yake ji," ta ce. "Kuma gidan a wuyansa yake, ba zan karya shi a gaban mutane ba. Amma ku ku tafi da ita. Ni ina da mai ba ni ruwa a gidan nan. Ita ba ta da shi."

"Inna, ku fa?" in ji mahaifinku.

"Ni me? Ko Omdurman kuka koma, ai ba Makka ba ce. Mota tana zuwa."

Wani abokin kasuwancinsa ya samo mana ɗaki biyu da rumfa a unguwar Alsawra, can Omdurman ɗin. Ranar Alhamis muka loda kaya a ƙaramar mota, Rebeka a gaba kusa da direba, ni da ku a baya a kan katifu, na rungume gilashin a cikin bargo har muka ƙetare gada. Matan layin suna leƙe ta ƙofa. Baffanku bai fito ba, amma matarsa ta biyo mu da kwanon kisra, wainar dawar nan mai falle-falle, da miya ta tura ta tagar mota tana share ido.

Zaman Alsawra da farko bai yi daɗi ba. Ba mu san kowa ba, babu mai jin Hausa a layin, ku kuna kukan 'yan'uwanku. Amma ƙofar ɗakin tana kallon gabas, rana tana faɗowa kan gilashin tun da safe, kuma shagunan kasuwar Omdurman sun karɓi katunanmu. Mun kai na Kirsimetin a kan lokaci. Na sake yin waɗanda iska ta ɓata. Bayan haka aikin aure ya yi yawa, Rebeka tana zaɓen takarda tana shafa ƙaro, ni ina danni, mahaifinku yana kai wa masu shago a hanyarsa. Ranar asibiti in raka ta, mu dawo ta yi amai ta kwanta, jibi ta tashi ta ce a miƙo mata almakashi. A hankali gashinta ya fara tsirowa, yatsun suka fara dawowa. Ranar da ta tayar da ganye ɗaya da hannunta ba tare da takardar ta huje ba, ta kira ni daga madafa in zo in gani.

Ta tafi bayan damina, da likita ya sallame ta. Ta bar mini gilashin da tsinkayen da kalib ɗinta duka, ta ce a can za ta nemi wasu. Ta rayu shekaru bayan haka, ta aurar da babban ɗanta, muna gaisawa ta waya. Da ciwon ya dawo bai ba ta lokaci ba. 'Yarta ce ta kira ta gaya mini.

Mahaifinku kuwa duk Juma'a yakan hau mota biyu ya je Hajj Yusuf ya gaida Inna. Ya yi wa Baffanku sallama, ya amsa, iyakarta ke nan. Ba su zauna a tabarma ɗaya ba, ba su ci a kwano ɗaya ba. Na ce masa tunda Rebeka ta tafi mu koma, ya ce an riga an ba wa babban ɗan Yaya ɗakinmu ya sa amarya, kuma ba zai je ya roƙa ba. Nakan je ni ma in wanke wa Inna kai in yi mata kitso, ta riƙa tambayata ko gidan namu yana da inuwa.

Ba a daɗe da tafiyar Rebeka ba, wata ranar Talata da hantsi, matar Baffanku ta kira ni ta ce jikin Inna ya rikice tun asuba, an ɗauka zazzaɓi ne, yanzu kuma numfashi ya canza. Na kira mahaifinku. Ranar bai je shago ba, yana kasuwar Omdurman da kwalin katuna. Ya bar kwalin a wajen mai shago ya nemi mota. Gada ta cushe kamar yadda ta saba. Ya sauka ya yi tafiya da ƙafa, ya sake hawa wata, ya ƙarasa da raksha. Da ya isa an riga an rufe mata fuska. Ni na iso bayansa da ku, na tarar ana ɗora ruwan wanka. Shekara da shekaru in ta yi tari yana ji ta bango, ranar da ta buƙace shi kogi ne a tsakaninsu. Wannan shi ne abin da zaman Rebeka ya ci mana, kuma ba zan rage muku shi ba.

Abin da ya faru a maƙabarta shi ya gaya mini, sau ɗaya, bai sake ba. Ya ce Baffanku ya ja sallar, shi yana sahun baya cikin mutanen unguwa kamar baƙo. Da aka kai ta bakin kabari aka ce 'ya'yanta su sauka su karɓe ta, sai Baffanku ya tsaya ya juya yana duba mutane ɗaya bayan ɗaya har idonsa ya faɗa kansa. Mutane suka buɗe hanya.

"Sauka, Adamu," ya ce. "Kai ta yi ta kira."

Ya sauka. Baffanku ya miƙa masa ita daga sama, mahaifinku ya kwantar da ita, ya juya fuskarta alƙibla. Da zai fito gefen ramin ya rufta ƙarƙashin ƙafarsa, Baffanku ya kama hannunsa ya jawo shi. Suka dawo gida a mota ɗaya.

Da aka share makoki muka koma Alsawra. A hanya na ce masa, "Malam, da ban kawo maka maganar Rebeka ba, da kana kusa da Inna ranar." Sai da muka hau gada ya ce, "Da ina kusa, da da wane ido zan kalle ta?"